Amsoshin Wasiƙunku: Ko Kyautar Hoto Tana Jawo Ciniki?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta tana da ɗan tsawo.

Wasiƙar ta fito ne daga wani dattijo, manomi kuma mai sayar da hatsi a yankin Maigatari, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce bara bayan kaka ya sayar da ɗan maraƙinsa ya saya wa ɗansa waya mai ɗaukar hoto da kyau, saboda yaron ya ce akwai kamfanoni a intanet da ke sayar wa mutum hotunansa. Yaro ya yi ta ɗaukar hoton gonaki da rumbuna da raƙuma ranar kasuwa yana aikawa, amma har yau abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Yanzu abokansa sun ba shi shawara ya zuba hotunan a shafukan da ake ɗauka kyauta, wai in sunansa ya bazu masu saye za su biyo baya. Shi ne Alhaji yake tambaya, shin wannan dabara ce ko kuwa asara ce za a ƙara a kan asara?

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya, Allah ya saka da alheri. Bari mu fara da bayanin ita kasuwar kanta, saboda masu sauraronmu da ba su taɓa jin labarinta ba.

In ka ga kalanda ko allon talla ko littafin makaranta da hoton wani manomi riƙe da fartanya, sau da yawa ba masu aikin ne suka je gona suka ɗauko ba. Saye suka yi daga wasu kamfanoni da ke tara hotuna miliyoyi kamar yadda ake tara hatsi a rumbu. Manya daga cikinsu su ne Getty Images, wanda aka kafa a 1995, da Shutterstock, wanda wani mai suna Jon Oringer ya kafa a birnin New York na Amurka a 2003, da kuma Adobe Stock. Mai hoto ya kai nasa, kamfani ya baje, mai bukata ya biya kuɗin izinin amfani. Hoton yana nan, gobe a sake sayar wa wani. Wato dai kamfanin dillali ne.

Sai dai dillancin nan ba irin wanda ka saba da shi ba ne a kara. A kasuwar shanu mai dabba ke tafiya da kuɗi, dillali ya karɓi la'adarsa. A nan kuwa an juya abin. A tsarin da Shutterstock ya fito da shi a watan Yunin 2020, mai hoto yana farawa ne da kashi 15 cikin 100 na kuɗin da aka saya, in cinikinsa ya yi yawa ya riƙa hawa har zuwa kashi 40, kuma da an shiga watan Janairu kowa ya koma matakin farko. Mafi ƙarancin abin da aka yanka wa hoto ɗaya shi ne senti 10, ga shi kuwa senti 100 ke yin dalar Amurka ɗaya. Ka ga a wannan farashi sai an sayi hoto sau goma kafin a haɗa dala guda. Masu hoto a ƙasashe da dama sun yi ta ƙorafi a lokacin, wasu har suka janye kayansu. Adobe Stock shi kashi 33 cikin 100 ya sa wa hotuna. Saboda haka, Alhaji, ƙarancin abin da yaronka ya samu ba lallai ne rashin iyawarsa ba ne. Haka kasuwar take.

Yanzu sai batun kyauta. Abokan yaron nan ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin kowane ɗan kasuwa ya san amfanin kyauta. Mai kilishi yakan yago ɗan guntu ya ce ɗanɗana. Kai kanka in ka auna wa mace tiya biyar ta gero, kakan ƙara mata gyara da hannu, ta tafi tana sa albarka, mako mai zuwa ta wuce rumfuna goma ta zo taka. Amma ina so ka lura da abu biyu. Ɗanɗano ba ya ƙosar da mutum, sai ma ya tayar masa da kwaɗayi. Sa'an nan wanda ya ɗanɗana yana tsaye ne a gaban mai kayan, ya ga fuskarsa, ya san rumfarsa.

Hoto ba haka yake ba. Wanda ya sauke hoto kyauta daga intanet ba guntu ya samu ba, ya samu abin ne ɗungurungum, da cikakken girmansa, bukatarsa ta biya. Mai neman hoton raƙumi don kalandarsa, in ya samu ɗaya mai kyau a banza, me zai kai shi sayen na biyu? Kuma gyaran gero in ka bayar, hannu ɗaya ne ya fita daga buhunka. Hoto kuwa in ka bayar sau ɗaya, mutum dubu ɗari na iya ɗauka, kowa da nasa cikakke, yau da gobe da shekara goma masu zuwa.

Na biyun ya fi wannan ciwo. Manyan shafukan kyauta su ne Pixabay da Pexels, waɗanda aka fara a Jamus a 2010 da 2014, da Unsplash, wanda aka fara a birnin Montreal na Kanada a 2013. A ƙa'idarsu, mutum na iya ɗaukar hoto ya yi amfani da shi har a harkar kasuwanci ba tare da ya biya ko sisi ba, kuma ba dole ba ne ya ambaci sunan wanda ya ɗauka. To, sunan da ake cewa zai bazu, ta ina zai bazu? Mai ɗauka ya san sunan shafin da ya shiga, can zai koma gobe. Yaronka shi ya yanka kilishin, amma rumfar da aka haddace ta wani ce.

Akwai labarin da masu goyon bayan kyauta suka fi kafa hujja da shi, kuma gaskiya ne ya faru. Shi Unsplash ɗin nan, wani mai suna Mikael Cho ne da abokan aikinsa suka fara shi da hotuna 10 kacal, ragowar waɗanda aka ɗauka don tallar ɗan kamfaninsu mai suna Crew. Suka sa su a intanet suka ce kowa ya ɗiba. Jama'a suka yi cincirindo, da yawa suka bi sawu suka gano kamfanin, ciniki ya buɗe. Madalla. Amma me Crew yake sayarwa a lokacin? Ba hoto ba. Aikinsa a wancan lokacin shi ne haɗa masu zane da masu tsara shafukan intanet da mutanen da ke neman a yi musu aiki. Ka ga sun kyautar da abin da ba shi ne hajarsu ba, don su sayar da hajarsu. Kamar mai shayi ne ya ajiye randar ruwan sanyi a bakin teburinsa. Yaronka kuwa ruwan shi ne abin sayarwarsa.

In kana son sanin wa kyautar take yi wa amfani, dubi waɗanda suka zuba kuɗi suka sayi shafukan. A 2019 kamfanin Canva na ƙasar Ostareliya ya sayi Pexels da Pixabay. A 2021 Getty Images, babban mai sayar da hotuna, ya sayi Unsplash. Tun kafin nan, a 2006, Getty ya sayi iStockphoto a kan dala miliyan 50, shafin da wani ɗan Kanada mai suna Bruce Livingstone ya buɗe a shekarar 2000 a matsayin wurin musayar hotuna kyauta, kafin ɗawainiyar tafiyar da shi ta sa ya fara karɓar 'yan kuɗi. Ɗan kasuwa ba ya sayen rumfar da ba riba. Ribar ita ce taron jama'a. Mutum ya shigo neman na kyauta, a gefe a nuna masa tallar hotunan sayarwa, in bai samu abin da yake so ba ya latsa ya saya. Hoton da zai saya ɗin kuma ba lallai ne na wanda ya jawo shi ba.

Wani abin lura kuma, da Adobe ya buɗe nasa sashen kyauta a 2020, biyan masu hoto ya riƙa yi kafin ya sa kayansu a ciki, har ya yi tayin dala 5 a kan kowane hoto na tsawon shekara guda. Shi ma Unsplash a 2022 ya buɗe wani sashe na biya, inda yake sayen hotuna daga hannun masu ɗauka. Wannan ya nuna maka su kansu kamfanonin sun san abin da ake ba su yana da daraja. Irin wannan kyauta da aka biya ka kafin a yi ta, kuma aka yanka mata wa'adi, ba laifi yaro ya duba ta in an yi masa tayi.

Ba na ce babu wanda ya taɓa cin moriyar kyauta ba. Akwai masu hoto da wani kamfani ya ga aikinsu a irin waɗannan shafuka ya neme su ya ba su kwangila, kuma wasu shafukan suna da wurin da mai ɗauka zai latsa ya aika wa mai hoto ɗan ihsani in ya ga dama. Amma wannan sa'a ce, ba ciniki ba ne, kuma ba a lissafin cefane da ita. Waɗanda abin ya fi yi wa aiki su ne masu wata sana'ar a bayan hoton, kamar ɗaukar hoto na haya ko koyarwa, kuma suna zaune inda masu ba da kwangilar za su iya kiransu gobe da safe.

Sai kuma gargaɗi, kuma ina roƙon iyaye su saurara da kyau. Abin da aka kyautar a intanet ba ya dawowa. Ko yaro ya goge hoton daga shafin, waɗanda suka riga suka sauke suna nan da abinsu. Wata shahararriyar mai hoto a Amurka, Carol Highsmith, ta sadaukar da dubban hotunanta ga jama'a ta hannun babban ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar. Ana nan sai ga takarda an aiko mata ana neman ta biya dala 120 saboda ta sa wani hoto a shafinta, alhali ita ta ɗauke shi da hannunta. Da ta bincika sai ta tarar wasu kamfanoni suna sayar da hotunan nata. A 2016 ta kai ƙara tana neman diyyar dala biliyan 1, amma kotu ta yi watsi da mafi yawan ƙarar, sauran aka sasanta a waje. Wannan fa mace ce mai suna da lauyoyi. Ina ga ɗan ƙauye?

Haka nan batun fuskokin mutane. Kamfanonin sayarwa ba sa karɓar hoton mutum don talla sai da takardar amincewa da ya sa wa hannu. In yaro ya ɗauki matan maƙwabta suna sussuka, ko yara a bakin rijiya, ya watsa a shafin kyauta, ba shi da iko a kan inda hoton zai faɗa. Wata rana sai a ga fuskar matar wani a tallar maganin da ba a so a ambata, ko a takardar neman taimakon masu yunwa. Rigimar da za ta biyo baya a ƙofar gidanka za a yi ta, Alhaji, ba a Kanada ba.

To me ya kamata yaron ya yi? Ga ra'ayina. Hoton fure da faɗuwar rana da kofin shayi sun yi yawa a duniya, kuma tun 2022 ga na'urori masu ƙirƙiro hoto da kansu sun ƙara karya farashin irin waɗannan. Abin da yaronka yake da shi wanda mai hoto a Landan ba shi da shi, shi ne yana tsaye a wurin: yadda ake ɗaure damin gero, yadda ake yaɓen rumbu, awon hatsi da tiya, layin raƙuma da shanu a kasuwar kan iyaka. Waɗannan su ne jarinsa, kada ya kyautar da ko ɗaya. Ya bar su a wurin sayarwa, ya rubuta bayanin kowanne dalla-dalla da Turanci, da sunan abin da sunan wurin, domin da kalmomi masu saye ke lalube, hoton da ba bayani kuwa kamar buhu ne a ƙuryar sito.

In ɗanɗano yake so ya bayar, ya bayar irin na mai kilishi. Ya rage girman hoton yadda zai yi kyau a waya amma ba zai bugu a kalanda ba, ya rubuta sunansa a jiki, ya sa a Facebook ko WhatsApp, inda duk wanda ya gani ya yaba zai iya yi masa magana kai tsaye. Kuma kada ya raina kasuwar gida. Tela yana son hoton ɗinkinsa, mai kiwo yana son hoton ragunansa kafin babbar salla, ga biki ga suna ga saukar karatu. A nan in ya yi wa mutum guda kyauta, gari ya san ɗan wane ne ya ɗauka, kuma an san ƙofar gidanku.

In kuma abokan nasa sun matsa, to a gwada a gani, amma da awo. Ya ware hotuna goma daga cikin waɗanda ba su taɓa sayuwa ba, waɗanda babu fuskar kowa a ciki, ya karanta ƙa'idar shafin tukuna ko ya sa a karanta masa. Ya samu ɗan littafi ya rubuta ranar da ya sa su. Bayan wata shida ku zauna tare ku duba. Shafin zai nuna masa mutum nawa suka kalla, nawa suka sauke, kuma lambar na iya yin girman da zai faranta masa rai. Kai dai Alhaji ka tambaye shi mutum nawa suka neme shi da aiki, kuma nawa ya shigo aljihu, ku rubuta wannan a gefe.

Nan za mu dakata a yau. Sauran wasiƙun da suka iso sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.