Gumin Tafin Hannu da Abin da Ke Biyo Bayan Aikin Fiɗa

Akwai wata lalura wadda mai ita kan ɓoye, wato yawan gumin tafin hannu. Ɗalibi ya kan jiƙa takardar jarrabawa tun bai gama layi uku ba, magatakarda kuwa ya riƙa kauce wa musafaha har a ɗauke shi mai girman kai. Ba abin mamaki ba ne in irin wannan mutum ya ji labarin fiɗa ya yi wuf ya amince.

Tushen aikin shi ne wata jijiya mai kama da sarƙa da ke bin gefen ƙashin baya ta cikin ƙirji, wadda ke kai wa hannu umarnin yin gumi. Likita kan shiga ta hammata da siririn madubi, ya yanke ta ko ya matse ta daidai haƙarƙari na 2 zuwa na 4. Galibi hannu kan bushe nan take.

To, amma jiki bai fasa neman hanyar fid da zafi ba. Gumin da aka toshe a sama sai ya ɓullo a baya da ciki da cinyoyi, kuma wannan ita ce illar da ta fi yawa. Ga wasu kaɗan ne, ga wasu kuwa riga kan jiƙe sharkaf sau da yawa a yini, har su gwammace halinsu na da. Zafi yana tsananta shi. Saboda haka wanda zai sha bazarar Sakkwato ya fi mutumin Turai dalilin yin tunani. Babban abin takaici shi ne jijiyar da aka yanke ba ta cika komawa yadda take ba, ko cire matsin ma ba ya ba da tabbaci.

Akwai kuma gumin fuska lokacin cin abinci, musamman mai yaji, da raguwar bugun zuciya, da taruwar iska kewaye da huhu. In aikin ya taɓa ƙullin jijiya na sama, fatar ido kan sauko, ɗan ido ya tsuke, alamar da likitan ido Horner ya bayyana a 1869.

Shi ya sa likitocin kirki kan fara da man shafawa mai sinadarin alminiyam, ko tsoma hannu a ruwa mai raunin lantarki, ko allurar Botox wadda kan yi aiki na 'yan watanni. Sai waɗannan sun gaza ake zancen wuƙa, bayan an karanta wa majinyaci illolin dalla-dalla.