Biyayya da Haƙƙin Wanda Ake Gwaji a Kansa



A 1961 Stanley Milgram na Jami'ar Yale, Amurka, ya sa mutane su riƙa jona wa wani baƙo lantarki duk sa'ad da ya kuskure amsa. Lantarkin na ƙarya ne, amma ba su sani ba. Cikin mutum 40, 26 suka kai maƙura, volt 450, don kawai an ce su ci gaba. Aka zarge shi da yaudara.

A Kano, lokacin sanƙarau na 1996, Pfizer ya gwada maganin Trovan. Iyaye suka ce ba a shaida musu gwaji ne ba. Gobe waninku za a tura shi Unguwar Hajji da takarda, dattijo kuwa ba zai musa wa ma'aikaci ba, dangwalawa zai yi.