Ramin Da Ke Ƙarƙashin Hanya

Jama'ar Dutsen Alhaji da 'yan'uwa mazauna Kudu, duk wanda ya zauna Inugu ya san kwal. Tun da aka gano shi a Udi cikin 1909 aka yi ta rarake tsaunuka. Idan aka kwashe ginshiƙan kwal da ke tallafe da rufin rami, ƙasa takan lotsa, kwalta ta tsage, duwatsu su gangaro kan matafiya.

A nan babu kwal, sai masu fasa dutse da nakiya. Da ƙasa ta girgiza a Mpape cikin Satumba 2018, hukuma ta dakatar da su. Abin da ake roƙo, a auna tazarar kowane rami da hanya kafin a ba da lasisi, ba sai mota ta afka ba.