Akun Gidanmu da Kwanon Gyaɗa

Wanda ya ratsa lungunan Ƙofar Mazugal zuwa gindin Dala zai iya jin aku daga wani soro yana rangaɗa sallama. Leƙa kejinsa: gyaɗa ce, jiya gyaɗa, yau ma gyaɗa.

Wannan tsuntsu mai toka-toka da jar wutsiya ba ɗan Kano ba ne. Daga kurmin kudu yake, irin na Kuros Riba da Kamaru da Kwango, inda yake cin kwakwar manja da 'ya'yan itatuwa iri-iri. Gyaɗa zalla kitse take tara masa, ta bar ƙashinsa ba ƙwari, har ka ga ya faɗo daga kan sanda yana karkarwa. Wadda ta yi fumfuna kuwa guba ce ga hantarsa. A rage masa gyaɗar zuwa ƙwaya kaɗan.

Da safe a yanka masa gwanda ko gwaba, a haɗa da karas da ganyen zogale. Da la'asar dafaffen wake da masara ko dawa. Ruwa sabo kullum, a wanke kwanon, a fitar da akun ya sha hantsi. Barkono ba ya jin yajinsa, amma ba shi ke koya masa magana ba, hira da mutanen gida ce. Goro dai, Alhaji, kar a gutsura masa. Haka piya da shayi da gishiri.

Aku kan haura shekara 40. Tun 2017 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe.