WUTAR RANA A GIDA: A KARANTA KAFIN A SAYA

Wannan jawabi ne domin makarantun yaƙi da jahilci na jihar Agadas. Malami ya karanta shi sannu-sannu, ya rubuta lambobin a allo, sa'annan a tattauna.



Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Agadas zai ga kayan wuta birjik. Ga rediyo mai cin kati, ga tocila mai caji, ga salula iri-iri, ga ƴar fanka. Ga kuma allunan nan masu baƙin gilashi da ake kira fanno, wasu su ce sola. Kayan sun yi araha. Har a daji ana ganin fanno jingine a jikin bukka. Amma kuka ya yi yawa. Wannan ya ce batir ɗinsa bai kai wata shida ba ya mutu. Wancan ya ce an sayar masa da fanno babba a baki, ƙarami a aiki. Kuɗin albasa ne, ko kuɗin awaki biyu, suka tafi a banza. Yawancin hasarar nan abu guda ne ke kawo ta: mai saye bai karanta abin da aka rubuta a jikin kayan ba.

Aiki da rana ba baƙo ba ne a Nijar. Tun 1965 gwamnati ta kafa ma'aikatar binciken ƙarfin rana a Yamai, mai suna ONERSOL. Daga 1969 wanda ya riƙe ta shi ne Abdu Mumuni, masani haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. A can aka ƙera tukunyar dafuwa da abin ɗumama ruwa masu aiki da rana. A 1968 kuma aka gwada kunna telebijin na lakkwal da fanno a kusa da Yamai. Amma a wancan zamani fanno kayan gwamnati ne, talaka ba ya ko tayawa. Birnin Agadas kuwa daga gawayin ƙasa ya riƙa samun kuran, bayan da kamfanin SONICHAR ya tayar da injinsa a Anu Araran, kusa da Cirozerin, a 1981. Wayar kuran ba ta bi kowane kwari da kowane zango na Abzin ba.

Abubuwa biyu suka sauya al'amari. Na farko, ƙasar Sin ta shiga ƙera fanno da yawa, har kuɗinsa a kasuwar duniya ya faɗi da wajen kashi 9 cikin 10 tsakanin 2010 da 2020. Na biyu, an samo sabon ƙwan fitila mai suna LED. Shi ne ƴan tsakuwan nan masu farin haske da ke cikin tocilar zamani. Hasken da tsohon ƙwai ke bayarwa da wat 40, shi da wat 5 ko 6 yake ba da shi. To fanno ya yi araha, fitila ta rage ci. Shi ya sa yanzu mutumin ƙauye zai iya haɗa wutar gidansa da hannunsa.

HARUFFA UKU

Wanda ya san haruffa uku ya fi ƙarfin a cuce shi a kasuwa.

Harafin V, ana karanta shi bolt. Shi ne ƙarfin turin wuta. A kwatanta shi da ruwa: tulun da aka ɗora bisa soro ya fi wanda ke ƙasa turo ruwa. Pil ɗin rediyo guda yana da 1,5 V. Salula da 5 V take caji. Batir na gida 12 V ne. Kuran na birni 220 V ne, shi ne mai kisa. Kowane kaya da ƙarfin da aka yi shi dominsa. In aka ba rediyo mai 6 V wutar 12 V, ƙonewa zai yi nan take.

Harafin W, ana karanta shi wat. A jikin fitila ko rediyo, yana nuna cin da kayan ke yi. A bayan fanno, yana nuna abin da fanno zai bayar in rana ta take.

Na uku Ah, a jikin batir ake ganinsa. Shi ne girman cikin batir, kamar yadda ake cewa jarka mai lita 20.

Fanno shi ne rijiya, batir shi ne randa, fitila da salula su ne masu sha. Mai garka ya san wannan lissafi tun kafin a zo da boko: ba a faɗaɗa fangali fiye da ruwan rijiya.

LISSAFIN GIDA GUDA

A ce wani mai garka ne a Tabelot. Yana son fitila uku, ɗaya a ɗakinsa, ɗaya a ɗakin iyali, ɗaya a tsakar gida. Yana da rediyo, akwai salula biyu a gidan. Kafin ya hau mota zuwa Agadas, sai ya zauna ya yi lissafin cin kwana ɗaya. Ana ninka wat da awowin aiki.

Fitila 3, kowace wat 3, awa 4: 3 x 3 x 4 = 36
Rediyo mai wat 5, awa 3: 5 x 3 = 15
Cajin salula 2, a ce kowace 10: 2 x 10 = 20
Jimla: 71

Yanzu sai fanno. Rana tana yini a sama, amma ƙarfinta na safe da na marece kaɗan ne. Domin kada a ruɗi kai, a ƙidaya awa 5 kawai. Fanno mai wat 30 zai ba da 30 x 5 = 150. Daga ciki a cire kashi ɗaya cikin uku, wanda ƙura da zafi da waya za su ci. Saura 100. Ya wuce 71, ya isa ke nan. Da mai wat 20 ya saya, 100 zai samu, a cire kashi ɗaya cikin uku, saura wajen 67. Bai kai ba.

Batir kuma a ninka V da Ah. Mai 12 V da 20 Ah, cikinsa 240 ne. Amma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Batir mai dalma ba a shanye shi ƙarƙaf. Rabi ake sha, a bar rabi. Wanda ke tatse shi kullum har fitila ta yi ja, shi ke kashe shi da hannunsa. To rabin 240 shi ne 120, ya wuce 71. Ƙaramin batir mai 7 Ah kuwa, cikinsa 84, rabinsa 42. Ba zai kai gidan ko'ina ba, ko da mai shago ya rantse.

Sai a yi hattara da kwaɗayi. Telebijin mai wat 40 in ya yi awa 3 ya ci 120, fiye da cin gidan duka. Dutsen guga na kuran yana cin wajen wat 1000. Wannan kam a bar wa gawayi.

A KASUWA

Rubutun bayan fanno ma wani lokaci ƙarya yake yi. Maganinsa awo. Fanno mai kyau, in faɗinsa mita ɗaya ne tsawonsa mita ɗaya, wajen wat 200 yake bayarwa. Mai wat 50 na gaskiya yakan kai wajen santimita 50 a faɗi, 60 ko fiye a tsawo. In aka ga wanda bai kai haka ba, an manna masa takardar 150 W, a ajiye shi a wuce gaba. A duba gilashin kada ya zama da tsaga.

Masu gyaran rediyo suna da ɗan abin awon wuta mai wayoyi biyu, ja da baƙa. A roƙi mai gyara ya auna a gaban mai saye. Fanno na 12 V in an fito da shi rana, ba a haɗa shi da kome ba, yakan nuna tsakanin 18 da 22. Batir cikakke da ya huta yakan nuna 12,6 ko 12,7. In ya nuna 12,1 ya kai rabi. Sabon batir da ke nuna 11 da wani abu ya daɗe a ajiye, ya fara lalacewa. Batir ɗin mota kuma an yi shi ne domin tayar da inji, ba domin raba dare yana ba da haske ba. Yakan yi aiki, amma ba ya daɗewa.

Akwai wani ɗan akwati da ake kira regilater. Mutane suna ƙin sayensa wai don rage kuɗi. Kuskure ne babba. Shi ne mai gadin batir. In batir ya cika ya tsayar da wutar fanno, in ya yi ƙasa sosai ya kashe fitila. In babu shi, rana ta dafa batir da yini, masu gida su tatse shi da dare.

HAƊAWA

Waya ja ita ce mai alamar +, baƙa ita ce mai alamar −. Ja da ja, baƙa da baƙa. A jikin regilater akwai zane uku: fanno, batir, ƙwan fitila. Batir ake fara haɗawa, sa'annan fanno, sa'annan fitilu. In za a kwance, fanno ake fara cirewa. A sa fis a wayar ja, dab da batir. Fis ɗan abu ne mai araha. In wayoyi biyu suka taɓa juna, shi ke tsinkewa. In babu shi, waya ce za ta yi ja ta kama tabarma ko shibci. Bukka ba ta jiran a ɗebo ruwa.

A nan Agadas fanno kudu yake kallo. Wanda ya fuskanci gabas, kudu tana hannunsa na dama. Kada a kwantar da shi shimfiɗe. In tsawonsa santimita 60 ne, a ɗaga gefen arewa wajen santimita 17. A bar iska tana bi ta ƙarƙashinsa, domin zafi yana rage masa ƙarfi. A ɗaure shi da kyau saboda guguwa. Inuwa kuwa, ko ta reshen dabino guda ce ta faɗa a gefe, tana rage wuta fiye da yadda ake zato. Lokacin hunturu, da ƙura ke sauka dare da rana, a goge shi kowace safiya da tsumma mai laushi, tun gilashi bai yi zafi ba.

Batir shi ba ya son rana ko kaɗan. A sa shi a inuwa, bisa katako, inda iska ke shiga, nesa da murhu da taba, domin lokacin caji yana fitar da iska mai kama wuta. Mai murfi, in ruwansa ya ragu, a ƙara masa tataccen ruwan batir na kwalba. Ruwan rijiya yana da gishiri da kanwa, yana kashe shi. Wanda aka rufe ruf tun daga masana'anta ba a buɗe shi.

YARA MASU ƘERE-ƘERE

A kowane gari akwai yaron da ba ya ganin matacciyar tocila ya ƙyale. Ya ciro ƙwayayen LED, ya jera su a gwangwani ko a tsohon faifai mai ƙyalli, ya ɗaure pil da roba, sai ga fitila. Wani ya ciro ɗan injin tsohon kaset, ya yanka masa fukafukai da roba, sai ga fanka. Iyaye kada su ce ɓarna ce. Masu gyaran salula da ke cin abinci da sana'arsu a birni, da yawansu da haka suka fara.

Ga abin da za a gaya wa irin wannan yaro. Ƙwayar LED tana da ƙafa biyu, doguwar ita ce +. In an juya ta ba ta kamawa, amma ba ta mutu ba, sai a sake juyawa. Farar ƙwaya wajen 3 V take so, wato pil biyu a jere, kan wannan a gindin wancan. In aka ɗora ta kai tsaye a batir mai 12 V, walƙiya ɗaya za ta yi ta ƙone. Da pil zai yi wasansa. Kada ya kusanci wayar kuran. Kada ya huda batir ɗin salula. Wanda ya kumbura ma a cire shi a fitar da shi daga ɗaki, yana iya kamawa da wuta.

Mataccen batir na gida shi ma ba abin wasa ba ne. Ruwan cikinsa yana cin fata, yana makantarwa. In ya taɓa jiki a wanke da ruwa mai yawa, in ido ne a wanke a tafi likita. Dalmar cikinsa guba ce, ta fi yi wa ƙananan yara illa. A wata unguwa kusa da Dakar, ƙasar Senegal, inda mutane ke fasa tsofaffin batir suna fitar da dalma a cikin gidaje, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Kada a fasa shi, kada a narka dalmarsa a gida, kada a jefa shi kusa da rijiya ko turken dabbobi. A mai da shi rufe wurin masu saye a birni.

Ga aikin gida. Wata mata a Ingal tana son fitila 4, kowace wat 3, awa 5 kowane dare. Tana kuma cajin salula 3, kowace 10. Mai shago ya nuna mata fanno mai wat 30 da batir mai 12 V da 12 Ah. Fannon ya ishe ta? Batir ɗin fa? Kowa ya yi lissafi a littafinsa, a kawo amsa ranar karatu mai zuwa. Mai fanno ko batir a gida ya kwafo lambobin da ke jikinsu ya taho da su.