Kaska Ba Iri Ɗaya Ba Ce: Jawabi Ga 'Yan Kara Da Iyalansu

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma abin da ke jikin saniya yau yana iya kawo mai ita asibiti gobe.

Garken da ya taso daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, da kaskarsa yake ƙetare iyaka. Mu kan ce kaska kawai, alhali iri-iri ce.

Akwai mai zane a baya, wadda ke yawaita farkon damina. Bakinta dogo ne, takan lalata hantsa, ta buɗe wa kirci ƙofa. Akwai shuɗiya ta jikin shanu, mai kawo zazzaɓi da jan fitsari. Waɗannan asarar dukiya suke jawowa.

Ta uku ita ce abin tsoronmu: mai dogayen ƙafafu masu ratsin fari, wadda ke maƙalewa ƙarƙashin wutsiyar shanu, tumaki da raƙuma. Tana ɗauke da zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini. Dabbar ba ta nuna alamar ciwo, mutum ne ke kwanciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 na rasuwa. Ana ɗaukarsa ta cizon kaskar, ko murtsuke ta da yatsa, ko taɓa jinin dabbar wajen yanka da fiɗa.

Saboda haka, kada ku murtsuke kaska da hannu, kada ku sa yara cire ta. Ku cire da hantsaki, ku jefa a wuta. Sabuwar dabba a ware ta, a yi mata feshi yadda malamin dabbobi ya tsara, mako 2 kafin yanka. Mahauta su sa safar hannu.

Wanda zazzaɓi ya buge farat ɗaya, da ciwon jiki da jan ido, cikin mako 2 bayan cizon kaska ko fiɗa, a kai shi asibiti ranar, a faɗi sana'arsa. Kada a ba shi asfirin, domin yana ƙara zubar jini. Masu jinya su kiyayi jininsa.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya ba da kasuwa mai albarka.