JAWABIN ZUMUNTAR MATA A BIKIN CIKA SHEKARA 50



Mun gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Mata ne suka jawo ruwan da aka kwaɓa ƙasar ginin farko. Mu ke kawo gero da gyaɗa ranar godiyar kaka, mu ke koya wa yara addu'a.

Tun 1948 Sistocin St. Louis suka zo Kano suna koyar da 'ya'ya mata. Amma a ƙauyukanmu, in yarinya ta ce Allah ya kira ta ta zama Sista, sai uba ya tuna da kuɗin aure, a cire ta daga makaranta. Iyayenmu maza, aure kira ne, zaman Sista ma kira ne. Ku bar su su yi karatu, su zaɓa.

Muna kuma roƙo a riƙa shawara da gwauraye da matan da ba su haihu ba. Maryamu Magadaliya aka fara aika da labarin tashin Yesu.

Allah ya riƙe ikilisiyarsa. Amin.